Zaɓen Samfuri Bisa Rukuni da Auna Gejin Kuskure a Binciken Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi sake duba manhajar Hausa, akan tura masu bincike makarantu su gwada ɗalibai, su tattauna da malamai, su dawo da alƙaluma. A kan waɗannan alƙaluma ake dogara wajen yanke shawarar abin da za a ƙara ko a rage, da littafin da za a buga, da wuraren da za a tura malamai. Tun da ba zai yiwu a ziyarci kowace makaranta ba, sai a ɗebi kaɗan su wakilci saura. Abin da aka ɗiba shi ne samfuri. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake ɗibar samfuri bisa rukuni, da yadda ake auna kuskuren da ke tattare da sakamakonsa, domin na sha cin karo da rahotannin da aka yi wahalar tattara bayanansu amma aka ba lambobinsu ƙarfin da ba su da shi.

Kafin a ci gaba, akwai batun kalma. A kundayen ɗalibanmu akan kira zaɓen da ba ruwansa da son zuciyar mai bincike “zaɓen kan mai uwa da wabi”. Ban gamsu da wannan ba, domin karin maganar tana nuni ne ga aikin da aka yi ba tsari, alhali wannan zaɓe tsari ne tsantsa: kowace makaranta tana da rabonta sananne na fitowa. Don haka zan kira shi zaɓen ƙuri'a.

2.0 Asalin Dabarar

A shekarar 1895 Anders Kiaer, shugaban hukumar ƙididdiga ta ƙasar Norway, ya gabatar wa taron masana ƙididdiga na duniya a birnin Bern cewa ana iya sanin halin jama'ar ƙasa ta hanyar nazarin wani ɓangare nata. Da yawa daga mahalarta taron ba su yarda ba. Ko bayan da aka karɓi ra'ayin, an ci gaba da gardama a kan yadda za a zaɓi ɓangaren: da ƙuri'a ne, ko kuwa masani ne zai zauna ya tsamo wuraren da yake ganin sun yi kama da ƙasar baki ɗaya?

Masana biyu a Italiya, Gini da Galvani, sun gwada hanya ta biyu da takardun ƙidayar 1921. Daga gundumomi 214 suka tsamo 29 waɗanda matsakaicinsu ya yi daidai da na ƙasa a kan wasu ma'aunai da suka zaɓa. Da aka waiwayi wasu al'amuran da ba su cikin ma'aunan, sai aka ga gundumomin ba su wakilci Italiya yadda ya kamata ba. Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, ya yi amfani da wannan misali a maƙalar da ya gabatar a Landan a 1934, inda ya nuna cewa mafita ita ce a haɗa abubuwa biyu: masani ya yi amfani da iliminsa wajen karkasa jama'a zuwa rukunoni, sannan ya janye hannunsa, ƙuri'a ta yi zaɓe a cikin kowane rukuni. Wannan shi ne zaɓe bisa rukuni. Mai sayen hatsi da ke ɗibar tsaba daga bakin buhu da tsakiyarsa da gindinsa, don gudun kada a yi masa lulluɓe da mai kyau a sama, ya riga ya san hikimar.

A nan gida ma haka ake yi. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya raba jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya kowanne gida biyu, birni da karkara, aka sami rukunoni 74. Daga cikinsu aka zaɓi yankunan ƙidaya 1,400, aka nufi gidaje 30 a kowanne.

3.0 Misali Daga Makarantun da ke Koyar da Hausa

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka ƙarfafa wa yaro gwiwar koyon ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da harshen gidansu. Wannan ya sa ɗaliban Hausa suka kasu gida biyu manya: masu koyon ta a matsayin harshen farko, da masu koyon ta a matsayin harshe na biyu. Na biyun ba su da yawa, kuma a warwatse suke, amma su ne suka fi buƙatar kulawar mai tsara manhaja.

Lambobin da za su biyo baya na misali ne kawai, an ƙaga su don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ƙaddara akwai makarantu 1,000, daga ciki 800 na harshen farko, 200 na harshe na biyu, kuma kuɗin da ke hannu zai kai mu makarantu 100 ne kacal. Idan aka zuba sunayen duka a ƙwarya ɗaya aka yi ƙuri'a, ana sa ran makarantun harshe na biyu su fito kamar 20, amma suna iya fitowa 13, suna iya fitowa 27. A ƙaddara kuma matsakaicin makin rukunin farko 62 ne, na biyu 41. Ke nan duk lokacin da ƙuri'a ta karkata ga wani rukuni, matsakaicin ƙasa zai hau ko ya sauka ba tare da wani abu ya canza a aji ba. Idan kuwa aka ware ƙwarya biyu, aka ɗebi 80 a ɗaya da 20 a ɗaya, an toshe wannan kafa gaba ɗaya.

Ana iya auna ribar. Abin da ake kira ma'aunin tazara shi ne gwargwadon nisan da makin makarantu ke yi daga matsakaicinsu. Idan aka ninka shi da kansa sai a sami warwatsuwa. A ce ma'aunin tazara a rukunin farko 8 ne, a na biyu 16, domin a can wata makarantar tana da ƙwararren malami, wata kuwa malamin wani darasi aka roƙa ya riƙe ajin. Warwatsuwar ƙiyasin ƙasa ana samun ta ne ta ɗaukar kason kowane rukuni a ninka shi da kansa, a ninka da warwatsuwar rukunin, a raba da yawan makarantun da aka ɗiba a cikinsa, sannan a tara. Rukunin farko: 0.64 sau 64 raba 80, ya ba da 0.512. Na biyu: 0.04 sau 256 raba 20, shi ma 0.512. Jimilla 1.02, saiwarta kuwa kusan maki 1.01, kuma shi ne kuskuren ƙiyasi. Da ƙwarya ɗaya aka yi amfani, da warwatsuwar ta kai 1.73, kuskuren ya zama 1.32. (An bar ɗan rangwamen da ake yi saboda an ɗebi kashi ɗaya cikin goma na makarantun, don ba ya sauya kwatancin.) A taƙaice, sai an ziyarci makarantu kusan 170 da ƙwarya ɗaya kafin a sami daidaiton da 100 suka bayar da ƙwarya biyu.

Neyman ya ƙara da cewa rukunin da ya fi warwatsuwa ya cancanci kaso fiye da girmansa. Ƙa'idarsa ita ce a ninka yawan makarantun rukuni da ma'aunin tazararsa: 800 sau 8 ya ba da 6,400, sannan 200 sau 16 ya ba da 3,200. Rabon ya koma 67 da 33. Kuskuren ya sauko zuwa 0.96. Ragin kaɗan ne, kuma a ganina ba shi ne babban dalilin bin wannan rabo ba. Babban dalilin shi ne makarantu 33 za su ba mu damar faɗin wani abu mai ma'ana a kan masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu su kaɗai, abin da 20 ba za su yi sosai ba.

Sai dai wannan rabo yana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kowace makaranta a rukunin farko yanzu tana tsaye ne a madadin makarantu kusan 12, ta rukuni na biyu kuwa a madadin 6. Wannan shi ne nauyinta. Wanda ya tara makin makarantu 100 ya raba da 100 zai sami 55.1, alhali amsar gaskiya, wato kashi 80 cikin ɗari na 62 da kashi 20 cikin ɗari na 41, ita ce 57.8.

Da me za a karkasa? Da abin da ke da alaƙa da sakamakon da ake nema, kuma wanda aka san shi tun kafin a fita. Rukunoni biyu sun yi kaɗan ga halin da Hausa ke ciki. Yaron Jos ko Yola ko Jalingo wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, amma da ita yake ciniki da wasa, ba ya cikin rukunin ɗan Katsina, ba ya kuma cikin na ɗan Inugu da bai taɓa jin ta ba sai a aji. Haka makarantar da ke kusa da Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ta bambanta da sauran makarantun Kudu. Ko a cikin ƙasar Hausa, tun da daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci, kurakuran rubutun Basakkwace ba irin na Bakano ba ne. Shiyyoyin siyasa shida da aka saba amfani da su suna da sauƙin samu, amma ba don harshe aka shata su ba.

4.0 Gungu: Inda Lambobi Suka fi Yaudara

Har yanzu makarantu muke ƙirgawa. A aikace kuwa rahotanni sukan bugi ƙirji ne da yawan ɗalibai. A ce a kowace makaranta cikin 100 an gwada aji guda mai ɗalibai 40. Mai bincike zai rubuta cewa samfurinsa 4,000 ne, kwamfuta kuma, idan ba a faɗa mata komai ba, za ta ɗauka an tsinto yaran nan ɗai-ɗai daga ko'ina cikin ƙasa. Ba haka ba ne. Yara 40 ɗin nan malaminsu ɗaya, littafinsu ɗaya, in malamin bai kai ga darasin jinsi da jam'i ba dukkansu ne ba su kai ba. Amsar yaro na 40 ba ta ƙara wani sabon labari mai yawa a kan ta na 10 ba.

Leslie Kish, a littafinsa na 1965 a kan zaɓen samfuri, ya yaɗa hanyar auna wannan, wadda za a iya kira tasirin tsari. Ana rage 1 daga yawan ɗaliban gungu, a ninka da ma'aunin kamannin da ke tsakanin 'yan gungu ɗaya, a ƙara 1. Idan kamannin 0.3 ne, to 39 sau 0.3 da ƙarin 1 ya ba da 12.7. A raba 4,000 da 12.7, sai a ga ƙarfin samfurin bai wuce na ɗalibai 315 ba. Rahoton da ya ce rabin ɗalibai sun iya bambanta ɗ da d a rubutu, da gejin kuskure na kashi ɗaya da rabi sama ko ƙasa, kamata ya yi ya ce kashi biyar da rabi. Da wannan geji, bambancin kashi huɗu da aka gani tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa, wanda wataƙila a kansa aka ba da shawarar sauya littafi, yana iya zama aikin ƙuri'a kawai.

Da an gwada ɗalibai 10 a makarantu 400, adadin yana nan 4,000, amma tasirin tsari ya koma 3.7, ƙarfin samfurin ya haura 1,000. Na san abin da akawu zai ce: kuɗin mota da masauki a kan makaranta ake kashe su, ba a kan ɗalibi ba. Gaskiya ne. To amma gara a san abin da aka saya da kuɗin.

5.0 Maimaita Ɗiba da Kwaikwayon Kwamfuta

Idan rukuni da gungu da nauyi suka haɗu a bincike ɗaya, lissafin hannu yakan gagara. Sai a koma ga maimaitawa. A dabarar cire-ɗaya, wadda Quenouille ya faro kuma Tukey ya faɗaɗa a 1958 ya yi mata laƙabi da sunan 'yar wuƙar aljihu, ana cire makaranta ɗaya, a gyara nauyin sauran 'yan rukuninta, a sake lissafin matsakaici, a mayar da ita a cire wata. Yadda amsoshin ke tsalle shi ke nuna girman kuskuren. A 1979 Bradley Efron ya kawo dabarar sake-ɗiba, inda kwamfuta ke ɗibar sabbin samfura daga cikin samfurin da ke hannu sau ɗaruruwa. Gwajin ɗalibai na duniya da ake kira PISA yana amfani da wata 'yar'uwar waɗannan dabaru, yana maimaita lissafi sau 80 da nauyi daban-daban. A dukkansu makaranta ake cirewa ko a sake ɗiba, a cikin rukuninta. Wanda ya yi da ɗalibi ɗai-ɗai ya koma gidan jiya. Haka kuma dole kowane rukuni ya sami makarantu aƙalla biyu, domin da guda ɗaya babu abin da za a gwada ta da shi.

Kwamfuta tana da wani amfanin tun kafin a fita. Daga sakamakon gwajin share fage ana iya ƙera ƙasar kwaikwayo mai makarantu 1,000, a sa na'ura ta ɗebi samfuri sau dubu da kowane tsarin da ake tunani, a ga wanda amsoshinsa suka fi taruwa wuri ɗaya. Aikin yini guda ne.

Akwai kuskuren da duk waɗannan dabaru ba sa gani. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu ta ce Landon zai yi nasara, Roosevelt kuwa ya lashe jihohi 46 cikin 48. Jerin sunayen da ta yi amfani da shi ya karkata ga masu hali, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa takarda ba su amsa ba. Namu jerin shi ne rajistar makarantu da ake karɓowa daga ma'aikatun ilimi, wadda takan nuna ana koyar da Hausa a makarantar da malaminta ya bar aiki tun tuni. Idan mai bincike ya isa ya tarar da haka, ya rubuta, domin rashin malamin shi kansa sakamako ne. Kada ya maye gurbinta da makarantar da ke bakin titi. Idan an tanadi musanya, a zaɓe ta da ƙuri'a tun a ofis, daga rukuni ɗaya, kuma a fayyace a rahoto makarantu nawa aka musanya a kowane rukuni.