Amsa Ga Mai Hatsi: Dalilin Da Waƙar Katun Ke Sa Yaro Hawaye

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce ɗansa mai shekara 15 ya cika wayarsa da waƙoƙin finafinan katun na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime. Yaron ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen, amma akwai wata waƙa da in ya sa ta sai idonsa ya kawo ruwa. Yana tambaya, shin asiri ne a cikin kiɗan, kuma ko ya ƙwace wayar?

To Alhaji, kwantar da hankalinka, babu asiri. Dubi awakin gidanka. Da sun ji ƙarar kwanon dusa sai su taso da gudu tun ba su ga dusar ba, domin sun saba jin ƙarar tare da abinci. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya gwada irin wannan da karnuka, ya ga yawunsu na zuba da jin ƙarar da suka saba ji kafin a ba su abinci. Zuciyar ɗan Adam ma haka take ɗaure sauti da halin da take ciki ranar da ta fara jin sa. In an sa wa yaronka wannan kiɗa ne daidai lokacin da jarumin labarin ya rasa mahaifiyarsa, to duk sanda ya ji shi, wannan mutuwa ce ke dawo masa.

Sai kuma maimaici. Yawancin irin waɗannan finafinai kashi-kashi ake nuna su, kuma kowane kashi da waƙa guda yake buɗewa, mai tsawon kamar minti ɗaya da rabi. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai kan sa mutum ya ƙara son sa.

Ga misali. Akwai wani katun mai suna Grendizer, na Go Nagai, wanda aka nuna a Japan daga 1975 zuwa 1977, kashi 74. A can Isao Sasaki ne ya rera waƙar buɗe shi. Da aka kai shi Faransa a 1978 sai aka sa masa suna Goldorak, aka yi masa sabuwar waƙa wadda wani matashi, Noam, ya rera. A ƙasashen Larabawa kuwa Sami Clark, mutumin Labanon wanda ya rasu a 2022, shi ya rera ta da Larabci. Fim ɗaya, murya uku. Ka tara waɗanda suka kalle shi suna yara a waɗannan wurare, kowa tasa ce za ta motsa masa rai, saboda ita ya fara ji.

Wani lokaci ma fim kan ƙwace waƙar da ta girme shi. Bart Howard ya rubuta “Fly Me to the Moon” a Amurka a 1954, Frank Sinatra ya rera ta a 1964. Da katun ɗin Evangelion ya fito a Japan a 1995 yana rufe shirinsa da ita, sai yara da yawa suka ɗauka tasa ce.

Kai ma Alhaji, in ka taɓa shiga silima da ƙuruciya, tuna waƙoƙin Indiya. Mutanenmu nawa ne suka yi hawaye a kan Mother India, fim ɗin 1957, ba su jin Indiyanci?

Shawarata, kada ka fara da ƙwace waya, domin waƙar ta riga ta zauna a kansa, ƙwacen kuma ɓoyo kawai zai koya masa. Zaunar da shi bayan sallar isha'i, ka ce ya ba ka labarin wurin da aka sa waƙar. Daga nan za ka san abin da yake kallo, har ma da abin da ke damun sa. Amma ka sa ido, domin ba duk katun ne na yara ba. Akwai waɗanda don manya aka yi su, cike da zubar da jini da rashin kunya. Ka kuma yanka masa lokaci, kada kallo ya ci masa salla da karatu. Ƙannensa kuwa, tun yanzu ka lura da abin da ke fara shiga kunnensu, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwa da gona. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.