Faifai Biyu, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Kada Ka Yi Saurin Fomatin

A Barnawa, inda Kwalejin Nazarin Muhalli take, ɗalibi mai zane da AutoCAD ya san tsohon faifai ba ya gudu. Shi ya sa da yawa ke cire ma'ajin DVD na laftof su dasa SSD a gurbinsa. Ranar da aka kunna ta, baƙin allo ya fito da "No bootable device" ko "grub rescue>", sai hankali ya tashi, ga furojet a ciki, ga ranar miƙawa ta matso. Shawarata ta farko, ɗan'uwa, kada ka yarda wani ya ce maka sai fomatin. Galibi fayilolinka suna nan lafiya lau. Abin da ya ɓace shi ne butloda, wato 'yar manhajar da ke nuna wa kwamfuta inda Windows ko Linux yake.

Idan ka danna maɓallin kunnawa, BIOS ko UEFI ne ke fara farkawa, ya bi jerin faifai yana neman butloda. A tsohon tsari na MBR, yana duba bayit 512 na farkon faifai. A sabon tsari na GPT kuwa, butloda na zaune a wani ƙaramin yanki mai suna EFI, wanda Windows ke yanka masa kamar megabayit 100.

Dalilai huɗu na fi cin karo da su. Na ɗaya, jerin ya rikice, kwamfuta na leƙa faifan da babu komai. Batirin CMOS da ya mutu, ɗan zagayayyen nan CR2032, yakan jawo haka, alamarsa kuwa agogo ya riƙa ɓata. Na biyu, an sa Windows a SSD alhali tsohon faifai na haɗe, sai ya ajiye butlodarsa a yankin EFI na tsohon. Ka cire tsohon, shi ke nan, sabon ya zama mota ba makulli. Na uku, an girka manhaja a tsarin UEFI amma saitin ya koma Legacy, ko akasin haka. Na huɗu, an goge yankin Ubuntu, GRUB ya rasa inda zai karanto bayanansa.

To, ta ina za a fara? Zare duk filash da ke jiki. Kunna ka danna F9 a HP, ko F12 a Dell, ka zaɓi "Windows Boot Manager" ko kowane faifai ɗaya bayan ɗaya. In ta tashi, shiga saitin da F10 ko F2 ka mayar da wanda ya yi aiki sama. In ka cire tsohon faifai ne, mayar da shi tukuna. Duba Legacy da UEFI ma.

In duk ba su yi ba, tashi kwamfutar da filash mai Ubuntu ba tare da ka girka shi ba, ka kwashe furojet ɗinka zuwa wani wuri kafin komai. Bayan nan ne gyara. A Windows, diskpart zai nuna maka yankuna, bcdboot kuma ya sake rubuta butloda. A Linux akwai grub-install da update-grub, ko manhajar Boot-Repair. Amma a kula, kuskuren harafin faifai ɗaya na iya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. In faifan na kulle da BitLocker, nemo lambobin nan 48 na buɗewa kafin ka taɓa saitin.

Duk ranar da za ka sa sabon Windows, cire sauran faifan, ka bar wanda kake so kaɗai, sai ka gama ka mayar da su. Idan kuma sai ka kai wa mai gyara, faɗa masa tun daga bakin shago cewa faifai biyu ne, kuma kada ya goge ko ɗaya.