Gidan Raino: Kada Ciwon Yaro Ɗaya Ya Zama Na Kowa

A da, raino aikin cikin gida ne. In uwa za ta fita, kaka ce ko ƙanwa ko 'yar raino ke goya yaro. Yanzu a birane irin su Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, mata da yawa na fita aiki ko karatu. Hutun haihuwa na ma'aikaciyar gwamnatin tarayyar Najeriya 'yan watanni ne kawai, wasu wuraren ma bai kai haka ba. Saboda haka jariri ɗan wata uku ko huɗu kan tsinci kansa a ɗaki guda da yara goma ko ashirin. Ba a jimawa sai ka ji uwa na cewa, "Tun da na kai shi wurin nan bai rabu da mura da zawo ba."

Kukan nata na da tushe, amma ba kullum ne laifin mai raino ba. Jariri na zuwa duniya da kariyar da ya samo daga jikin mahaifiyarsa, kariyar kuma tana raguwa cikin watannin farko, kafin garkuwar jikinsa ta yi ƙarfi. A daidai lokacin ne yake fara rarrafe da fitar da haƙori, kome ya samu sai baki. Shi ya sa iyaye mata ke ɗora wa haƙori alhakin zawo. Fitar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dadashi da rigima, amma zawo mai ruwa-ruwa da zazzaɓi mai zafi aikin ƙwayoyin cuta ne. Ƙaramin yaro kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara ko da a gida yake. Ba za a iya hana ciwo gaba ɗaya ba. Abin da ake iyawa shi ne toshe hanyoyin da yake bi daga wannan yaro zuwa wancan, hanyoyin nan kuwa sanannu ne.

Ta farko, kuma wadda aka fi yi wa sakaci, ita ce daga kashi zuwa baki. Mutane da yawa na ganin kashin jariri ba shi da illa, alhali yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta fiye da na babba. Ƙwayar rota, wadda ke kan gaba wajen jawo zawo mai tsanani ga ƙananan yara, tana iya kwanaki da ranta a kan tabarma ko kayan wasa, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da yaro. Dubi yadda abin ke faruwa. Anti mai raino ta kwantar da yaro a katifar da sauran ke barci a kai, ta cire masa famfas, ta goge shi, ta ɗaura sabo. Kafin ta miƙe wani ya fashe da kuka, ta ɗauki fidarsa ta gyara bakin da yatsa ta sa masa. Hannunta fes yake a ido, amma saƙo ya riga ya isa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ware wuri guda na canza famfas, nesa da inda ake haɗa abinci, a shimfiɗa leda mai kauri da za a iya wankewa bayan kowane yaro. Famfas ɗin da aka cire a ƙulle shi a leda a jefa a bokiti mai murfi. Fo a juye shi a masai nan take, a wanke da omo, a bi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar. In ma'aikata sun kai biyu, mai canza famfas daban, mai ba da abinci daban. Sannan a wanke hannun Anti da na yaron duka.

Wanke hannu da sabulu na rage zawo da kusan kashi 30 cikin 100, cututtukan numfashi kuma da kusan kashi 20 cikin 100. Sai dai wankin na da ƙa'ida: a cuɗa da sabulu na kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauraye da ruwa mai zuba. Inda babu famfo, buta ta wadatar, wani ya zuba wa wani. Al'adar nan ta jera yara su tsoma hannu a roba ɗaya kafin cin abinci rabon datti ce kawai, na ƙarshe shi ke kwasar na kowa. Tawul ɗaya na goge hannun kowa ma haka ne, gara hannu ya bushe da iska. Sanitaiza na taimakawa, amma ba ta maye gurbin sabulu bayan an taɓa kashi.

Hanya ta biyu ita ce numfashi. Mura da tari da ƙyanda da ƙarambau da mashaƙo duk ta nan suke bi. Da hunturu ya shigo akan rufe tagogi ruf don gudun sanyi da ƙura, yara ashirin na shaƙar iska ɗaya tun safe har la'asar. A sa musu rigar sanyi a bar iska tana ratsa ɗakin. In za su yi barci a bar tazara, a juya su kan wannan ta wajen ƙafar wancan. Hankici ɗaya kada ya zagaya hanci biyar.

Ta uku ita ce haɗa jiki da haɗa kaya. Makero na bin mataji da hula da matashi. Ƙazuwa na bin zanin goyo da shimfiɗa. Ciwon idon nan da ake kira afolo na bin hannu da tsumman goge fuska. Kowane yaro ya zo da kofinsa da cokalinsa da zaninsa, a rubuta sunansa a jiki. Abin wasan da ya shiga bakin wani a ɗauke shi a ajiye gefe sai an wanke.

Akwai cututtukan da sabulu ba ya tare su. Ƙwayar ƙyanda kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, 9 na iya kamuwa. Yaro kan fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Garkuwa a nan ita ce rigakafi. A Najeriya ana yi wa jariri a ranar haihuwa, sai a mako 6 da 10 da 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati. A 2022 aka shigar da ɗigon rota cikin jadawalin. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen shekarar, wadda ta fi ƙamari a Kano, ta fi kama yaran da ba su kammala allurarsu ba. Saboda haka gidan raino ya nemi katin rigakafi ranar rajista, kamar yadda yake neman kuɗin wata. Rigakafin sauran yara ne ke kare jariran da ba su kai wata tara ba, waɗanda ba a yi musu allurar ƙyanda ba tukuna.

Mafi wuya a cikin al'amarin shi ne gaskiya tsakanin iyaye da masu raino. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa na da aiki, babu wanda za ta bar wa. Sai ta ba shi farasitamol da asuba, ta miƙa shi a ƙofa tana cewa, "Lafiyarsa lau, Anti, rigima ce kawai." Da azahar magani ya sake shi, jiki ya yi rau, ya kuma riga ya sha a kofin wani. Ita ma mai gidan rainon, don tsoron rasa kwastoma, takan ɓoye wa iyaye cewa ƙarambau ya shigo. Kowa ya rufa wa kansa asiri, yara su biya.

Maganin wannan shi ne doka a rubuce da kowa ya amince da ita tun farko. Mai zawo ko amai ya zauna gida har kwana biyu bayan ya tsaya. Mai zazzaɓi sai ya yi kwana guda cur ba zafi ba tare da magani ba. Mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Mai ƙyanda aƙalla kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje. 'Yar majina ba zazzaɓi, yaro na ci yana wasa, ba ta hana zuwa. Dokar ta hau kan Anti ma in ita ce ba lafiya, kuma kada a yanke mata albashi, in ba haka ba za ta zo da ciwonta. Jinyar yaro kuma ba ta uwa kaɗai ba ce, uba ma na iya neman izini a wurin aiki.

In ciwo ya kama yaro a wurin, a keɓe shi a kira iyaye. A riƙa ajiye gishirin ORS, mai zawo a fara ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono, a gida kuma a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Idan ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi shan kome, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi jijjiga, ko wuya ya sanƙare, ko aka ga jini a kashi, asibiti za a nufa kai tsaye. A daina rugawa kemis neman antibayotik don mura, ba ya kashe ƙwayar da ke kawo ta.

Duk mai neman inda zai kai ɗansa, kada fenti da hotunan bango su ɗauke masa hankali. Ya nemi a nuna masa inda ake canza famfas, ya duba ko akwai ruwa da sabulu a kusa, ya tambaya ko ana duba katin rigakafi, kuma me ake yi idan yaro ya zo da zazzaɓi. Wurin da ya taɓa mayar da yaro mara lafiya gida, ko da ran iyayensa ya ɓaci, shi ne wurin da ya cancanci a ba shi amana.