Harsashin da Aka Manta: Ƙa'idodin Riƙon Ƙaramar Bindiga

Duk lokacin da bindiga ta tashi a hannun mutum ba da nufinsa ba, magana guda ce ke fita daga bakinsa: ya ɗauka babu kome a cikinta. Jama'a kuma su ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Amma masu koyar da harbi sun daɗe da lura cewa galibi bindigar lafiyarta lau, sakacin mai riƙe da ita ne ya jawo ɓarna. Wannan magana ta shafi soja da jandarma da ɗan sanda da ɗan duwan, ta kuma shafi farar hula da hukuma ta bai wa takardar izinin ajiye makami.

Abin da ya faru a Amurka

Ran 21 ga watan Oktoba na 2021, kusa da garin Santa Fe na jihar New Mexico a Amurka, ana shirin ɗaukar wani fim mai suna Rust. Aka miƙa wa ɗan wasa Alec Baldwin libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa. Bisa ga takardun ƴan sanda, an sanar da shi cewa babu harsashi mai kisa a ciki. Yana gwada zaro ta, bakinta na fuskantar na'urar ɗaukar hoto, sai ta tashi. Harsashin ya ratsa ƙirjin Halyna Hutchins, shugabar masu ɗaukar hoto, mai shekara 42, ya tsaya a kafaɗar mai ba da umurni, Joel Souza. Matar ta rasu a ranar.

Kafin bindigar ta tashi ta bi ta hannun mutum uku. Mai kula da makamai, Hannah Gutierrez-Reed, ita ta ɗura ta, harsashi na gaske ya saje da na bogi. Mataimakin mai ba da umurni ya amsa daga baya cewa bai duba harsasan duka ba. Ɗan wasan kuwa ya dogara ga abin da aka gaya masa. Ya ce bai ja kunama ba, amma gwajin da hukumar FBI ta yi ya nuna bindigar ba ta tashi sai an ja kunamarta. A 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman wata 18 saboda kisa ba da gangan ba, aka kuma kori ƙarar da ake yi wa Baldwin don masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya jingina da ɗan'uwansa, babu wanda ya tabbatar da idonsa.

Ƙa'idodi huɗu

Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar koyar da harbi a jihar Arizona a 1976, ya taƙaita tsaron bindiga cikin ƙa'idodi huɗu da ake koyarwa a ƙasashe da yawa. Ta farko, a ɗauki kowace bindiga a kan ɗurarriya ce. Ta biyu, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar hallakawa ba, ko da cikin raha. Ta uku, yatsa ya kasance nesa da kunama har sai an auna kuma an yanke shawarar harbi. Ta huɗu, a san abin da aka auna da abin da ke bayansa.

Amfanin waɗannan ƙa'idodi shi ne kowace na rufa wa ƴar'uwarta asiri. In mutum ya yi kuskure wajen sauke harsashi amma yatsansa na waje, bindiga ba za ta tashi ba. In ta tashi bakinta na kallon ƙasa mai taushi, an tsira da firgita kawai. Ba a kai ga jini sai an karya biyu ko uku a lokaci guda.

Ta huɗun ma ba ƙarama ba ce. Harsashi mai faɗin milimita 9 na barin bakin bindiga da gudun da ya wuce mita 300 a daƙiƙa guda, yana kuma iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Zana, ƙofar kwano ko ƙyauren mota ba sa tare shi.

Inda ake yawan yin kuskure

Ƙaramar bindiga irin ta pistole tana da gidan harsasai da ake cusawa ta ƙasan mariƙi. Wanda bai ƙware ba yakan zare wannan gida ya ce ya sauke bindiga, alhali akwai harsashi ɗaya da ya riga ya hau maƙogwaronta yana jiran kunama. Shi ne harsashin da ake mantawa.

Saboda haka saukewa tana da tsari, ba a kuma juya shi. Da fari a karkata bakin bindiga wajen da babu kowa, a zare gidan harsasai. Sannan a ja murfin sama baya, harsashin maƙogwaro ya faɗo, a kafe murfin a buɗe. Daga nan a leƙa da ido, a taɓa da yatsa, musamman da dare. Wanda ya fara jan murfi kafin ya zare gida, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗora wani a madadinsa ba tare da ya sani ba. Libarba kuwa sai a buɗe gangarta a duba kowane rami.

Haka za a yi duk lokacin da bindiga ta sauya hannu: mai bayarwa ya buɗe ta, mai karɓa ya sake dubawa, ko da daga hannun shugabansa ta fito. Wannan ba raini ba ne, doka ce ta aiki. A riƙa leƙa cikin bututun ma. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee wanda masu zuwa silima suka sani, ya mutu wajen ɗaukar fim saboda kan harsashi ya maƙale a bututu, aka harba na albarushi zalla, ya turo shi waje.

Lokacin goge bindiga ma lokaci ne na haɗari, domin wasu, irin su Glock, sai an ja kunama kafin a kwance su. Kafin a fara, a kai harsasai wani ɗaki dabam.

Yatsa da kube

Hannun ɗan Adam yakan damƙe da kansa in ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya riƙo wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun. In yatsa na kan kunama a wannan lokaci, harbi ya auku kafin hankali ya dawo. Wurin yatsa shi ne jikin bindiga, a miƙe, sama da kunama. Makullin tsaro ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don ƙarfe ne, yana iya lalacewa, wasu bindigogin ma ba su da wanda ake turawa da hannu.

Wajen mai da bindiga cikin kube babu gaggawa. Gefen taguwa ko na babbar riga na iya shiga ya ja kunama, harsashi ya sami cinyar mai ita. Kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf shi ya dace. Sokawa a ƙugu ko jefawa cikin aljihu tare da makullai ganganci ne. In bindiga ta suɓuce, a bar ta ta faɗi, kada a cafe ta a iska.

A cikin gida

Ma'aikacin da ya koma gida da makaminsa ya shigo da shi inda yara suke. Ƙarƙashin matashi da saman kabad ba maɓoya ba ne, yaro ya san lungunan gidansu fiye da mai gida. A sauke bindiga, a kulle ta cikin akwatin ƙarfe, harsasai a wani wuri dabam, mabuɗi a jikin mai ita. A koya wa yara cewa in sun ga bindiga kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba. Giya, ƙwaya da fushi ba sa zama inuwa ɗaya da makami. Harbi sama a wajen biki ma abin gujewa ne, domin harsashin da ya hau sai ya sauko, kuma yana kisa.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Sabon kurtu tsoron bindiga yake yi, shi ya sa yake duba ta sau biyu. Wanda ya shekara ashirin da ita shi ke cewa ya san abinsa. Ya rage ga shugabannin barikoki su tsaya a kan kowa ya bi tsarin nan kullum, babba da yaro, har ya zama jiki. Leƙa maƙogwaron bindiga ba ya cin minti guda, amma harsashi in ya fita ba a kiransa ya dawo.