Hukuncin Ziyartar Gonakin Inabi da Gidajen Haɗa Giya a Hutun Hunturu

Tambaya: Ina karatu a Faransa. Abokan karatuna sun shirya tafiya yankin Bordeaux a hutun Disamba don zagaya gonakin inabi da gidajen haɗa giya. Ba zan sha ba, kallo kawai zan yi. Ya halatta in bi su?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ɗan'uwa, inabi halal ne, kallon gonarsa ma babu laifi. Amma ka duba abin da za ka tarar. A Faransa ana tsinke inabi ne wajen Satumba da Oktoba. Kafin Disamba ganye ya zube, sai busassun rassa da ake datsewa. Saboda haka ziyarar hunturu yawanci ciki take ƙarewa: ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake jera gangunan giya, sannan teburin ɗanɗano, wanda galibi kuɗinsa yana cikin tikitin shiga.

Wannan bai halatta ba, saboda dalilai uku. Na farko, a Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah bai tsaya ga hana shan giya ba, umarni Ya yi a nisance ta. Na biyu, Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da shi ba ya sha. Na uku, kuɗin tikitinka taimako ne ga sana'ar, alhali aya ta 2 ta wannan sura ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Hadisin Anas ma ya sa mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita cikin mutum goma da aka la'anta.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa ɗanɗanawa kawai ake yi a tofar. Kai giya baki da gangan ba nisanta ba ne.

Idan kana son ganin yankin, kana iya yawo a birnin Bordeaux, ka ga tsofaffin gine-ginensa da bakin kogin Garonne, ka ci abinci inda babu giya a teburinka. Ka faɗa wa abokanka uzurinka tun kafin a biya kuɗi, cikin ladabi ba tare da jin kunya ba. Haka hukuncin yake ga mace.

Allah ne Mafi sani.