Fanka Mai Caji Ta Tsaya: Kada Mu Yi Saurin Yar da Ita

Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 ko ya ɗara, ɗakin kwano yakan zama kamar tanderu har tsakar dare. Manya sukan fita tsakar gida su shimfiɗa tabarma, amma jariri da mai jego da tsoho marar lafiya ba kullum suke iya kwana a waje ba. Saboda haka fanka mai caji ta shiga gidaje da yawa a Bagwai da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wani ya saye ta da kuɗin albasar da ya noma da rani a gefen madatsar ruwa ta Watari, wani kuwa ɗansa ne ya aiko masa da ita daga birni.

Amma in bazara ta sake zagayowa, sai mu tarar da yawancinsu a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe su. In ka tambaya, sai a ce maka, "Ai ta mutu." Alhali kuwa sau da yawa fankar ba ta mutu ba. Abu ɗaya ne a cikinta ya gaza, kuma galibi abu ne da maigida ko uwargida ko babban yaro zai iya ganowa a cikin rabin sa'a. Bari mu duba abin da za mu iya gyarawa da hannunmu, mu kuma san wurin da tilas hannu ya tsaya.

Abin da ke cikinta

Sassa huɗu ne kawai. Akwai wayar da ke kawo wuta daga bango, mai ƙarfin bolt 230. Bolt shi ne awon ƙarfin wuta, wanda ake rubutawa da harafin V a jikin kaya. Akwai ƙaramin allo mai ƙananan kaya a manne, aikinsa shi ne rage wannan wuta ta dawo daidai da abin da batir zai sha. Akwai batir, mai bolt 6 ko 12. Sa'an nan akwai ɗan inji mai juya fukafukai. Wutar tana bin hanya ɗaya kamar yadda ruwan Watari ke bin magudana zuwa gona. In ruwa bai iso gonarka ba, ba ka fara zargin madatsa, sai ka bi magudanar ka ga inda ta toshe. Haka za mu yi da fanka, mu faro daga bango, mu bi wuta sawu-sawu.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, tsohon buroshin haƙori, salatif, ɗan faranti na zuba ƙusoshi don kada su ɓata, da kuma mita irin ta masu gyaran rediyo. Mita ita ce idon mai gyara, gama wuta ba a ganinta. Ana samunta a shagunan kayan wuta na Sabon Gari a Kano. Gida huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya.

Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, cire fulogi daga bango. Tuɓe zobe da agogo, uwargida kuma ta cire awarwaro, domin in ƙarfe ya haɗa bakunan batir biyu yakan yi zafi nan take har ya ƙone fata. In akwai waya mai ɗaukar hoto, ɗauki hoton cikin fankar kafin ka taɓa kome, domin ka san inda kowace waya take komawa.

Ta ƙi yin caji

In ka sa fulogi, ƴar jar fitilar caji ba ta kama ba, fara da soket. Gwada wani abu a wurin, ka tabbata akwai wuta. Sa'an nan ka bi wayar da yatsa daga farko har ƙarshe, gama ɓera yakan ci ta, takan kuma tsinke daga ciki a gindin fulogi inda ake yawan lanƙwasa ta.

Bayan wannan sai fis. Fulogi mai ƙafa uku yakan zo da fis a cikinsa, wasu fankokin kuma suna da ƙaramin fis na gilas a baya ko a bisa allo. Juya mita zuwa wurin da take kuka in an haɗa bakunanta biyu, ka taɓa kawunan fis ɗin. In ta yi kuka, lafiyarsa lau. In ta yi shiru, ya ƙone. Sai ka sayi wani mai lamba daidai da wadda ke rubuce a jikinsa.

A nan fa akwai jaraba. Waɗansu sukan naɗe fis da takardar ƙarfe ko su ɗaura ƴar waya a madadinsa. Kada mu yi haka. An yi fis ne domin ya ƙone shi kaɗai, ya ceci sauran. In an hana shi ƙonewa, allo ne zai ƙone, ko kuwa ɗakin. In kuwa ka sa sabo ya sake ƙonewa nan da nan, ashe ciwon yana can ciki. Tsaya haka, ka kai wa mai gyara.

Tana aiki da wuta, an ɗauke wuta ta tsaya

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma batir ne. Yawancin fankokin nan suna da batir na dalma, baƙi ko toka-toka, mai kusurwa huɗu. Ka caje shi sosai, ka cire fulogi, ka bar shi ya huta sa'a ɗaya, sa'an nan ka auna. Batir mai bolt 12 in ya cika zai nuna 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna kusan 12.1, rabi ne. Mai bolt 6 kuwa in ya cika zai nuna wajen 6.3. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane yana ba da kamar 2.1. Saboda haka in ka caje shi dare guda ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba kuwa magani sai sabo.

Wani batir yakan yi ruɗi. Ya nuna 12.6, amma da zarar an kunna fanka sai lambar ta zube. Don haka ka auna sau biyu, fanka a kashe, da kuma tana juyawa. Wanda ya kumbura ko ya tsage, ba sai an auna shi ba.

Sauya shi ba wuya. Jar waya tana zuwa wurin alamar +, baƙa kuma wurin alamar −. Ka tafi kasuwa da lambar da ke jikin tsohon, misali 6V 4.5Ah ko 12V 7Ah. Ka tafi da mita ka auna sabon a gaban mai shago, ka kuma ɗaga shi a hannu, domin na kirki mai 12V 7Ah yakan kai kilo biyu. Wanda ya yi sakayau an rage masa dalma. Araha ba ta ado. In fankarka mai batirin litiyom ce, wato waɗannan masu kama da batirin tocila amma sun fi shi tsawo, kada ka sa na dalma a madadinsu, ko su a madadin na dalma, gama hanyar cajinsu ba ɗaya ba ce.

Me ke kashe batir tun bai tsufa ba? Abu uku. Na fari, ajiya ba caji. Da damina ta sauka iska ta yi sanyi, sai mu tura fanka lungu, ba mu sake tuna ta ba sai hunturu ya wuce. Batirin dalma kuwa in ya daɗe ba wuta, wani farin gishiri yakan daskare a bisa dalmar da ke ciki, ba ya kuma narkewa. Maganinsa shi ne a caje shi sau ɗaya kowane wata, ko da ba a amfani da fankar. Na biyu, zafi. Masu ƙera batir sun ce kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a bisa digiri 25 yakan raba kwanansa biyu. Kada a bar fanka a rana ko kusa da murhu. Na uku, haɗa farantin sola kai tsaye da bakin batir. Farantin da ake kira mai bolt 12 yakan ba da 18 zuwa 22 a tsakar rana. In ba ta ramin da aka yi domin sola a jikin fankar aka sa shi ba, tilas a sa kwantarola a tsakani, in ba haka ba batir zai dahu ya kumbura.

Tana juyawa da ƙyar

Batir lafiya, amma fukafukai suna jan jiki? Kashe ta, ka cire ragar gaba, ka juya su da yatsa. In sun yi nauyi, cire su ka duba sandar injin. Zare da gashi da ƙurar hunturu sukan naɗe a wurin. Share da buroshi, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Ban da man gyaɗa ko manja, gama sukan yi danƙo. Duba kuma ko wata waya ta zame daga makunni ko daga bakin batir. In tsatsa ta kama bakin, kankare ta har ƙarfen ya yi haske.

Inda hannu zai tsaya

Wurin da wayar bango ke shiga allo, akwai wani ɗan abu mai kama da ƙaramar ganga, ana ce da shi kafasito. Wutar bolt 230 in ta shiga cikinsa takan kai kusan 325, yana kuma iya riƙe ta bayan an cire fulogi. Kada a taɓa bayan allo da yatsa. Manyan kaya sun fi haɗari: talabijin, da inbata ta sola, da injin motsa jiki irin wanda ake tafiya a kansa a wuri ɗaya, da waɗansu ƴan'uwanmu na birni suke da shi. Ko a kansu, fulogi da fis da share ƙura namu ne, allon kuwa na gwani ne. In ka ga baƙin tabo a allo, ko kafasito ya kumbura, ko ka ji warin ƙuna daga inji, ka gano ciwon ke nan, aikinka ya ƙare. Ba kasawa ba ce, gama wanda ya je shago yana cewa, "Na auna batir da fis, lafiyarsu lau," ba a iya sayar masa da abin da ba ya bukata.

Batirin litiyom da ya kumbura ko ya yi zafi, kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta. A fitar da shi waje, a ajiye shi cikin yashi nesa da danni da rumbu.

Tsohon batirin dalma kuwa, a nan ne ran yaranmu yake. Dalma guba ce, takan taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun ba a ga alama ba. A shekarar 2010 a jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal kuma, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, inda ake fasa tsofaffin batura domin a ciro dalma. Don haka kada a fasa batir a gida, kada a bar wa yara su yi mota da shi, kada a yar da shi kusa da rijiya ko a kan juji da za a kai gona. A mayar wa mai sayar da batir yadda yake a rufe. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira daren da jariri zai kasa barci saboda zafi. A zaɓi rana ɗaya a kowane wata, a rubuta ta a kalandar da ke bango, a ba yaro ɗaya aikin fito da fanka ya caje ta. In watan Fabrairu ya kama, maigida ya zauna da yara maza da mata a inuwa, a buɗe ta, a share, a auna. Yaron da ya koyi karanta mita a gaban ubansa ya sami abin da zai amfane shi har girmansa, gidan kuma zai shiga bazara da fanka mai juyawa.