Faifan Mdou Moctar: Na Sakkwato Ko Na Ƙetare?

Duk wanda ya taɓa zama wurin mai shayi a Sheme, inda hanyar Ƙanƙara ta tarar da babbar hanyar Gusau, ya san ba abin da ke ta da jijiyar wuya kamar zancen kiɗa. Wannan ya ce Shata na farko ya fi, wancan ya ce na ƙarshe. To, irin gardamar nan ce ta raba masu sha'awar jitar Abzinawa, abin kuwa ya shafe mu, domin tushenta yana Sakkwato, inda hanyar nan tamu ta nufa.

Makaɗin da ake gardama a kansa shi ne Mahamadou Souleymane, watau Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar. Bahago ne, jitarsa ta farko kuwa da hannunsa ya haɗa ta, ya ɗaura mata wayar birkin keke. Cikin 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Daga wayar hannu zuwa wayar hannu waƙoƙin suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji, ya nemo mai su.

Can Amurka akwai wani kiɗan jita mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, wanda suke kira stoner rock, watau kiɗan mashaya wiwi. Sunan dai bai yi mana daɗi ba. Cikin waɗanda suka kafa shi har da samarin ƙungiyar Kyuss, masu kai janareta cikin hamadar Kalifoniya su kwana suna kiɗa, faifansu Blues for the Red Sun ya fito a 1992. Kiɗan hamada ake ce wa nasu, haka kuma ake ce wa na Abzinawa. Saboda haka sa'ad da Mdou ya fitar da Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021, jita tana ruri, ya tarar da kunnuwan da suka saba da ƙara.

Masu son Anar suna cewa an sauya musu makaɗi: da yana rera waƙar bege a hankali, yanzu ƙarar lantarki ta danne murya don a gamsar da Turawa. Ɗaya ɓangaren kuwa suna ganin Anar aikin koyo ne, na'ura ce ta yi rabin waƙar.

Mu dai muna ganin na farko sun yi gaskiya wajen daɗi, amma sun yi kuskure wajen zargi. Wanda ke neman yardar Turawa ba zai tsaya gabansu ya zayyana ɓarnar Faransa a ƙasarsa ba, ya kuma gargaɗi 'yan'uwansa kada su bar harshen Tamashek ya mutu. Abin da ya yi ke nan cikin Funeral for Justice, na 2024.

Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da shi da mutanensa suna Amurka, hanyar gida ta toshe. Nan suka sake ɗaukar waƙoƙin wannan faifai ba tare da rurin lantarki ba, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Ga waƙa ɗaya ga kiɗa biyu, masu gardama kuma sun sami sabon abin ja.